Farar Riga a Hawa na Tara

Alhamis, 1 ga Yuli 2021, ƙarfe goma na safe

Wannan littafin nasa ne, na binciken digirinsa. Shafi goma sha ɗaya kawai ya rubuta, sauran fari fat. Idan ya dawo ya yi faɗa, na ji na ɗauka.

Yau kwana uku da motar asibiti ta tafi da Abban Khaulah. Da ƙafarsa ya je har bakin lif, yana tafiya yana dafa bango, yana ce mini in daina yi masa wannan kallon, gobe ko jibi zai dawo. Ni kuma an ɗaura mini abin hannu ruwan hoda, na waɗanda aka killace a gida, an ce kwana goma kar in taka ko bakin ƙofa. Nawa mai sauƙi ne: ba na jin ƙamshi, ba na jin ɗanɗano, shi ke nan. Khaulah kuwa garau take, shekara shida ba ta san wata annoba ba, tana ta tsalle a kan kujerun mai gidan hayar nan.

Hajiya Uwa, mahaifiyarsa, ta kira daga Kano. Na ce da sauƙi.

Juma'a, 2 ga Yuli, bayan Azahar

Na wanke farar rigarsa ta Juma'a. Tun da aka rufe masallatai bai fasa sa ta ba. Sai ya yi wanka, ya fesa turare, ya ja mu salla a falo, ni da yarinya, yana wani gyaran murya kamar shi ne limamin unguwarmu ta Setapak, a nan Kuala Lumpur, gaba ɗaya.

Ma'aikatan lafiya sun ce a wanke komai da ruwan zafi. Sai da na matse ta na tuna turarensa yana jikinta. Na kai hancina ban ji komai ba, kuma ban sani ba ko laifin hancin ne ko na sabulu. Na shanya ta a ƙarfen baranda.

Asabar, 3 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yau na ga abin kunya da idona. Sau uku ana ƙwanƙwasa ƙofa, in na leƙa ba kowa, sai kaya: shinkafa, ƙwai, mai, gwangwanin kifi. Na kira Bashira, ƙawata da ke unguwar Wangsa Maju, na ce ko ita ta aiko. Ta ce me na rataya a waje? Da na faɗa mata sai da ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ke Hureira, ba kya duba waya ne? Farar tuta fa kika ɗaga, lah! Duk wanda abinci ya ƙare masa, farin ƙyalle yake ratayawa yanzu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da aka raine ni a Gwale da cewa ko yunwa za ta kashe ki, ki shafa mai a baki ki fita, yau ni ce na yi bara daga hawa na tara, da rigar mijina. Na roƙi Bashira ta yi wa ofishin benen bayani, kayan kuma a kai wa masu gadi.

Na fito zan sauke rigar, sai wani abu ya bugi kaina. Kwando ne a ɗaure da igiya, daga barandar da ke samanmu. Matar nan ce, Baturiyar da muke hangowa daga ƙasa tana ɗaura roba a ƙofa, ta sunkuya tana iyo a cikin iska. Na taɓa cewa da alama akwai motsi a kanta, Abban Khaulah ya ce in bar baiwar Allah, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A cikin kwandon akwai miya mai zafi da burodi da takarda. Sunanta Solange, daga Faransa. Kwando zai riƙa saukowa ƙarfe takwas, ƙarfe ɗaya, ƙarfe shida. Tukunyar sabuwa ce, naman daga kedai, wato shago, na Musulmi. Na ɗaga kai na ce mata da Turancina na kasuwa, wanki ne kawai na shanya. Ta leƙo, farin gashi guntu kamar na namiji, kafaɗu kamar na mai dako.

Ta ce, "To, wanki ne. Ki ci duk da haka."

Ban sauke rigar ba. An yi yayyafi, ba ta bushe ba.

Litinin, 5 ga Yuli, ƙarfe ɗaya da rabi

An canza masa ɗaki. Likitar ta ce inji zai riƙa taya shi numfashi, kuma za su sa shi barci don jikinsa ya huta. Na ce kwana nawa? Ta ce ba ta sani ba. Na juya tambayar na sake yi, ko ba ta gane Turancina ba. Ta gane.

Hajiya ta kira. Na ce da sauƙi.

Laraba, 7 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Wata nas a ɗakin, Allah ya saka mata da alheri, ta ce in riƙa turo saƙon murya kullum, za ta kara masa a kunne. Na tambaya ko yana ji. Ta ce wasu suna ji, wasu ba sa ji.

Na yi sallama, na karanta masa addu'a, na ce Khaulah ta fitar da haƙori. Daga nan na rasa ta cewa. Shekara takwas da aure, ashe shi ne mai surutun gidan.

Alhamis, 8 ga Yuli, bayan kwandon ƙarfe ɗaya

Yanzu muna hira da Madam Solange, ita a barandarta, ni a tawa, ba mai ganin wani sai in ta leƙo. Khaulah ta sa mata suna Auntie Fish, kuma ba ta ji haushi ba.

Ashe ninƙaya ce sana'arta, shekara ashirin da uku. Ba irin ta tafkin gidan nan da aka zagaye da jan ƙyalle ba, ta teku da manyan koguna, wadda ake shiga da safe a fito bayan Magariba. A garin masunta aka haife ta. Tana yarinya mai koyar da su ya ce ba ta da sauri, ita jaka ce ba goɗiya ba. Ta ce ta yi kuka mako guda, daga baya ta gane jaki ne ke kai kaya gari mai nisa. Tana da shekara goma sha tara ta yi kilomita ashirin da biyar a wani tafki. Ta yi awa tara a wani kogi a Ajantina, ruwan ja kamar kunun kanwa. Ta ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da ƙasarsu sau biyu, jikinta shafe da kitse saboda sanyi, wasu halittu masu harbi kamar kunama suna ta zane ta. Sau huɗu tana zuwa ta biyu a babbar gasa, ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, kuma ta faɗe shi tana dariya.

Na ce ni ko a bahon wanka ban yarda da ruwa ba. Ta ce wannan shi ne hankali.

Asabar, 10 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

An yanke mini abin hannun. An ce ina iya fita sayayya. Na tsaya a bakin ƙofa na rasa inda zan je, na dawo.

Kwando bai fasa saukowa ba. Rigar ba ta bushe ba.

Litinin, 12 ga Yuli, ƙarfe biyu

Madam ta tambayi jikinsa, na ce da sauƙi. Sai ta ce ita ma haka take cewa a cikin ruwa.

Ta ba ni labarin jirgin rakiya. Duk mai doguwar ninƙaya akwai ƙaramin jirgi da ke bin sa a gefe, kuma a nata jirgin mijinta ne, Armel. Haka take kiran sunansa gatsal, sau goma a zance ɗaya, ni har kunya nake ji a madadinta. Duk rabin awa sai ya jefa mata kofi ɗaure da igiya, ta sha a kwance cikin ruwa, ta saki, ya janye. Doka ce: ba ta taɓa jirgi, ba mai taɓa ta. Ko ta iso gaɓa tana rarrafe, ba wanda zai miƙa mata hannu sai ta fita daga ruwa da ƙafarta, sannan jirgi ya busa ƙaho. Wanda ya taɓa ta don tausayi ya ɓata mata wahalar awa goma sha biyar.

Ta ce Armel ba ya sauraron bakinta. Yana ƙirga sau nawa take jefa hannu a minti ɗaya, yana duba abin da ya rage a kofi.

Sai ta ce mini, "Jiya rabi kika ci. Yau cokali uku. Bakinki yana cewa da sauƙi, kwanon yana faɗa mini wani abu daban."

Na ji haushi. Zan cinye na ƙarfe shida tas don ta gani.

Talata, 13 ga Yuli, bayan La'asar

Na sami abin faɗa masa. Labarin Madam nake kwashewa in juye masa, da jakar da kofin da dokar gaɓa, har da ƙarin gishiri. Minti bakwai yau. Na ce masa ya ga dai gulmar da yake hana ni ta yi rana.

Alhamis, 15 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya

Likitar ta kira da kanta. Ta tambaya ko akwai wani babba namiji a kusa da zai zauna da ni. Na ce ni ce babbar. Na matsa mata ta faɗa mini, cikin goma masu irin halinsa nawa ne ke fitowa. Ta ƙi, na nace, na ce haƙƙina ne. Ta faɗa.

Ba zan rubuta lambar ba.

Juma'a, 16 ga Yuli, da rana

Ban tura saƙo ba. Khaulah ta ci nata.

Asabar, 17 ga Yuli, da yamma

Ban tura ba. Hajiya ta kira sau huɗu, na bar wayar tana ta kuka. Na duba wane masallaci ne ke yi wa baƙi sutura a garin nan, sannan na goge abin da na duba.

Lahadi, 18 ga Yuli, ƙarfe biyu da rabi

Kwando ya koma sama a cike sau biyar. Ƙarfe ɗaya yau bai sauko ba, sai na ji ƙwanƙwasa. Madam ce da kanta, da takunkumi biyu a fuska. Ba ta shigo ba. Ta zauna a ƙasa a wancan gefen barandar shiga, ta miƙe ƙafafu, ni ma na zauna a bakin ƙofata. Ta fi yadda nake zato tsufa. Ta ce sittin da ɗaya.

Na faɗa mata komai, har lambar. Ban san ina da kuka mai yawa haka ba.

Ta ce karon farko da ta gwada ƙetare tekun nan, bayan awa goma sha huɗu tana hango ƙasarsu, ta roƙi Armel ya faɗa mata saura nawa. Ya ƙi, ta zage shi, ya faɗa: igiyar ruwa ta janye ta, saura awa uku. Nan take ta miƙa hannu ta dafa jirgi. Ta ce ba ƙarfinta ne ya ƙare ba, lambar ce ta karya ta. Daga ranar suka yi alkawari, ita ba ta tambaya, shi ba ya faɗa. Iyakarta kofi na gaba.

Na ce to ni ma na dafa jirgi, na gaji.

Ta ce, "Kin yi kuskure, 'yata. Ba ke ce a cikin ruwa ba, shi ne. Ke kina cikin jirgi. Na cikin jirgi ba ya gajiya ya daina jefa kofi."

Na ce ai ba ya ji.

"Kunnena yana cikin ruwa, kaina ya daskare, ban san sunana ba. Amma duk abin da Armel ya faɗa ina ji. Ba na iya amsawa ne kawai."

Sai a lokacin na tambayi inda Armel yake, ni da na yi kwana goma ina jin sunansa. Farkon bara ta zo Kuala Lumpur koyar da masu horar da yara, wata shida, shi zai biyo ta daga baya. Aka rufe iyakoki. A watan Afrilu aka kai shi irin ɗakin nan a can ƙasarsu. Kwana tara ya yi. Ta ce a lokacin asibitoci sun cika, ba nas ɗin da ke da hannun riƙe waya. Shekara ashirin da uku yana jefa mata kofi, ita ko sau ɗaya ba a ba ta igiyar ba. Da aka buɗe hanya ba ta koma ba, don ba wanda ke jiran ta a gaɓa.

Na so in rungume ta, ta ɗaga hannu ta ce ba a taɓawa. Muka yi dariya muna share hanci.

Na tura masa minti goma sha biyu. Na ba shi haƙurin kwana biyun nan.

Litinin, 19 ga Yuli, ranar Arfa, kafin shan ruwa

Na kira Hajiya na faɗa mata gaskiya. Ta ce ta sani tun makon farko, don da sauƙin da nake cewa ba shi da gishiri. Ta ce ita ma ta yi shiru ne don kar ta karya mini zuciya. Mun yi masa addu'a tare, ita a Kano da rana tsaka, ni a nan rana tana faɗuwa.

Talata, 20 ga Yuli, ranar Babbar Salla, bayan kwandon ƙarfe ɗaya

Ɗanɗanona ya dawo yau, a kan miyar Madam. Ashe kwana goma sha bakwai ina ɗora wa cuta laifin da ba nata ba. Miyar nan ko gishiri bai san da zamanta ba.

Ba rago, ba idi, amma na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, na zuba a kwando da ɗan yaji a takarda, na girgiza igiya. Bayan minti biyar na ji tari daga sama da wasu kalmomin Faransanci da nake zaton ba addu'a ba ne. Kwanon ya dawo a suɗe. Na ce mata ni ma na iya duba kwano.

Khaulah ta sa kayan sallarta ta tsaya gaban rigar a baranda, ta ce, "Ummi, Abba's baju is still wet?" Na ce e, rigar Abba ba ta bushe ba.

Juma'a, 23 ga Yuli, da safe

Ba canji. Ban tambayi kwana nawa ba. Minti tara.

Litinin, 26 ga Yuli, ƙarfe uku

Sun rage maganin barcin. Ya buɗe ido.

Alhamis, 29 ga Yuli, ƙarfe huɗu

An cire injin. Nas ta haɗa mu a waya muna ganin juna. Ya rame har na yi daƙiƙa biyu ina neman mijina a fuskar. Maƙogwaronsa bai bar shi ya yi magana ba, yatsa ɗaya ya ɗaga wa Khaulah. Na so in tambaye shi ko ya ji ni duk kwanakin nan, sai na ji tsoron amsar, na bari.

Na leƙa na faɗa wa Madam. Ta ce, "Madalla. Kar ki kalli gaɓa tukuna. Ƙarfe shida akwai kifi."

Juma'a, 6 ga Agusta, bayan La'asar

Mijin Bashira ya ɗauko shi. Na tsaya a bakin ƙofa tun ƙarfe biyu, riƙe da hannun Khaulah. Daga lif zuwa ƙofarmu taku ashirin ne ga mai lafiya.

Lif ya buɗe. Ga shi da sanda, wandon da ya tafi da shi yana yawo a jikinsa. Ya yi taku uku ya tsaya yana haki, ya dafa bangon nan da ya dafa ranar tafiya. Mijin Bashira ya kai hannu zai riƙe shi, ni ma na saki Khaulah na yo gaba. Sai ya ɗaga mana hannu. Muryar ta dishe, sai da na kasa kunne.

"Kar a taɓa ni, Hureira. Ban fita daga ruwa ba tukuna."

Na tsaya cak. Ba wanda ya ba shi wannan labarin sai ni, ranar da yake kwance ba ya motsi.

Na koma bakin ƙofa, na kama kafaɗar Khaulah, muka tsaya. Ya yi taku biyu ya huta. Ya yi uku ya huta. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in miƙa hannun nan ba, amma na riƙe shi a ƙirjina. Da ya ɗora ƙafarsa a kan tabarmar ƙofa, sai ƙara ta tashi daga matattakalar bene. Madam ce a tsaye da murfin tukunya da ludayi, tana bugawa da duk ƙarfin kafaɗun nan, hawaye ya jiƙe mata takunkumi. Maƙwabta suka riƙa buɗe ƙofofi suna leƙowa. Ba ta daina ba sai da na riƙe shi.

Yanzu yana barci a kujera, Khaulah ta zauna a ƙasa tana gadinsa. Na ce wa Madam gobe ƙarfe ɗaya ba kwando, ta sauko da ƙafarta ta ci a faranti. Ta ce sai in na rage yajin.

Na sauke rigar. Rana ta cinye farinta, ƙarfen baranda ya zana mata layin tsatsa a ƙirji, wanda ban ga alamar zai fita ba. Ta bushe ƙarau.

Yau zan kira sunansa gatsal: Zahraddeen ya iso.